Mai Riƙon Ƙafa a Rumfar Pa Masamba

Damina huɗu Birama Fay ya yi a rumfar Pa Masamba, bai taɓa buga ƙusa ko ɗaya a kofaton doki mai rai ba.

Sa wa doki takalmi aikin mutum biyu ne. Ɗaya ya duƙa ya ɗauki ƙafar dokin ya ɗora a cinya, ya rungume ta da hannu biyu. Ɗaya ya fere kofato, ya gwada ƙarfe, ya buga ƙusa. Mai guduma shi ake kira da suna, shi masu keken doki na garin Bambey ke gaisarwa da hannu biyu. Mai riƙon ƙafa kuwa ba a tunawa da shi sai ranar da doki ya yi harbi. Kuma ba a tsufa a wannan aikin, baya ne ke fara mutuwa ya bar mai shi da rai. Wanda ya riƙe wa Pa Masamba ƙafa kafin Birama yana nan bakin tasha har yau, yana sayar da harawa daga zaune, ya lanƙwashe kamar lauje. Kullum da safe ta gabansa Birama ke wucewa, kullum kuma sai ya kau da kai.

Shekarunsa arba'in da uku. A zamaninsa ɗan kokawa ne, an yi masa kiɗa daga nan har Fatik, ya taɓa cin bijimi a gasa, an ci bijimin an manta. Da ƙarfi ya fara ja baya, yara suka fara kai shi ƙasa a gaban mata, sai ya kwance layunsa, ya sayi goro ya je ya durƙusa wa Pa Masamba Mbow. Danginsa sun yi ta tsaki, wai ɗan ƙabilar Serer, ɗan manoma, zai zauna bakin wutar maƙera. Shi dai ya lissafa abinsa: gona ba tasa ba ce, ta kawunsa ce. Dawakin keke kuma muddin akwai kwalta, sai sun sa takalmi. In ya samu guduma a hannu, ya samu abin ci har tsufa. In bai samu ba kafin bayan nan ya ƙare, to kujerarsa na jira kusa da mai harawa.

Ya koyi duk abin da ake koya. Ya iya yanka rodi, ya iya zuga, ya iya lanƙwasa ƙarfe a kan uwar maƙera ya huda masa ramuka. An ba shi magagari tun damina ta biyu. In doki ya mutu a bayan kasuwa, shi ne ke zuwa da adda ya roƙi ƙafafun, ya kai gida ya ɗaure a jikin turmi yana buga musu ƙusa har su yi wari. Matarsa Arame ta ce ita dai ta auri ɗan kokawa, ba ta san da ungulu za ta ƙare ba.

Ya san ƙusar doki tana da gefe guda a fiƙe. In ka juya ta daidai, da kanta za ta karkata ta ɓullo ta bangon kofato. In ka juya ta baibai, nama za ta nufa. Ya san farin zaren nan da ya zagaye tafin kofato, wanda faɗinsa bai wuce tsinken tsintsiya ba: nan ne ƙofar ƙusa, ka gota ciki kaɗan ka taɓa rai. Duk ya sani. Amma duk lokacin da ya buɗe baki, amsar tsohon ɗaya ce.

“Bari damina ta wuce.”

Damina ta wuce, rani ya zo, aiki ya yi yawa, wa zai riƙe ƙafa? Gaskiyar ke nan da babu mai faɗa. 'Ya'yan Pa Masamba biyu, ɗaya na walda a Dakar, ɗaya ya haye teku. Kuma tunda aka kafa rumfar nan ba a taɓa samun mai riƙo irin Birama ba. Ingarman da sai an murɗe masa leɓe da igiya a wani wuri, a hannun Birama tsayawa yake kamar an shuka shi. Wa zai saki irin wannan?

Sannan ga maganar idanu. Tun bara Birama ya lura tsohon ya daina duba ƙusa, shafa bakinta yake da babban yatsa. Farar yana ta fara rufe masa idon hagu. Babu wanda ya ce uffan. Birama dai ya koyi karkata kofato wajen haske, ya koyi juya shi ɗan kaɗan yadda ƙusa za ta sami hanya ko da hannun ya kauce. Sau ɗaya tak ya yi magana, a damina ta biyu. Ya ce, “Baba, ta karkace,” a gaban mutum shida. Tsohon ya zare ƙusar, ya gyara. Amma kwana tara bai amsa gaisuwar Birama ba, ya karɓe magagarin ya mai da shi zuga kamar sabon zuwa. Birama ya riƙe wannan a ransa. Ciki ai ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Laifin Birama ɗaya, kuma bakinsa ne ya jawo masa. Ranar Babbar Salla ya je ƙauye, ana zaune ana cin nama, 'ya'yan kawunsa suka fara.

“To, malamin dawaki, har yanzu kashin doki kake kwasa?”

Ya ce, “Ni nake bugawa yanzu. Tsohon kallo kawai yake.”

Kawu Latir ya ɗago kai daga akushi ya dube shi. Latir Juf yayan mahaifiyarsa ne. Shi ya yanka ragon sunansa, shi ya riƙe su da uban ya rasu, shi ya sayar da akuya ya karɓo masa layun kokawar farko. Bai taɓa goranta ko ɗaya ba, amma mutum ne da ba ya mantawa, kuma ba ya so a manta. Ya ce, “Madalla.” Shi ke nan abin da ya ce.

Sai ga kawun ran nan da tsakar rana, damina saura ƙiris, ya tsaya da kekensa a bakin rumfa. Yana da maƙerinsa can kusa da su, ya tsallake shi ya yi tafiyar sa'a biyu. Dokinsa kili ne, shi ke nan masa, shi ke jan keke da rani, shi ke jan injin shuka da damina.

“Sawu uku zan yi a kan kwalta ina kwasar taki da iri,” in ji shi. “Ƙafafun gaba kawai. Na ce tunda ɗan ƙanwata ya zama gwani, me zai kai ni wurin bare?”

Birama ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shiga. Allah ya taimake shi kawun bai zauna ba. Ya gaisa da Pa Masamba daga tsaye, ya ce zai je ya kama layi a ɗakin rabon taki, ya tafi.

Lokacin masu keke sun watse cin abinci. Saura Demba Ka, kwance a kan kekensa a inuwar dogon yaro, hula a fuska. Bafillace ne siriri, tsakaninsa da Birama akwai wasan nan na Fulani da Serer, kowa na cewa ɗayan bawansa ne. Bakin Demba shi ne rediyon tasha. Abin da ya gani da azahar, kafin la'asar mai sayar da kifi a kasuwa ta ji.

“Bawana!” ya ce daga ƙarƙashin hula. “Yau ma kai ne kujerar doki?”

“Rufe mana baki, sillan kara. Ka ci abinci yau, ko nonon jiya kake lasa?”

“Na ci. Ubangida ba ya kwana da yunwa bawansa na da ƙiba haka.”

Birama ya shafa wuyan kili, ya bi ƙafar hagu da hannu har ƙasa, ya ɗauka. Bayansa ya yi ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Pa Masamba ya fere, ya gwada takalmi da zafinsa, hayaƙi mai ƙaurin gashi ya tashi, ya tsoma a ruwa. Ƙusa ta ɗaya ta shiga, ta ɓullo, ya lanƙwashe bakinta. Ta biyu ma haka. Ya ɗauki ta uku yana shafa bakinta da yatsa, sai Demba ya ɗaga hula.

“Tsoho, tsakani da Allah, ƙusar nan ganinta kake ko lalube? Don in lalube ne in kawo maka sanda da ɗan jagora.”

“Uwarka ma da lalube ta same ka,” in ji Pa Masamba, ya ɗora ƙusa ya buga.

Ƙusa mai kyau tana da murya. Tana shiga tana ƙara ƙarfi, ƙwas, ƙwas, kamar ana buga busasshen icce. Wannan ta tafi lub, kamar cikin ɗanyen rogo. Kuma Birama ya ji a cinyarsa. Ba harbi ba ne, ba fizga ba ce, wani ɗan motsi ne can ciki, kamar jijiya ta harba sau ɗaya ta yi shiru. Mai guduma ba ya jin wannan. Mai kallo ba ya gani. Don shi aka yi mai riƙon ƙafa.

Gudumar ta tsaya a sama. Numfashi ɗaya, ko biyu. Tsohon bai tambaya ba, bai kuma ɗago kai ba.

Birama ya dubi Demba, ga idanunsa ƙur a kansu, ga bakin nan a buɗe yana jiran abin dariya. Ya tuna kwana tara. Ya tuna cewa damina ta kusa, wataƙila wannan ce wadda in ta wuce za a ba shi guduma. Ya ce a ransa ƙila ƙuda ne ya ciji dokin. Ya yi shiru.

Gudumar ta sauka. Ƙusar ta ɓullo can sama, ta fi 'yan'uwanta da faɗin yatsa. Aka lanƙwashe, aka goge da magagari. Da Kawu Latir ya dawo ya zagaya dokin, ya duƙa ya duba, ya ce, “Ba laifi.” Ya miƙa wa Birama kuɗin, Birama ya juya ya miƙa wa tsohon. Kili ya tafi yana taka kwalta lafiya ƙalau. Birama ya bi sautin da kunne har ya ɓace, ya ce alhamdu lillahi, ƙuda ne.

Kwana huɗu ne. Ranar da hadarin farko ya haɗu a gabas, gari ya yi ɗif, kowa na ɗaure kaya zai koma gona, sai ga Kawu Latir a ƙasa yana jan linzami, babu keke. Kili na bayansa yana dogara ƙafa uku, ta huɗun yana ɗan dangwala bakinta a ƙasa yana ɗagewa kamar ya taka garwashi. Tun asuba suke tafe. Rumfa kuwa cike take, mutum ya fi goma, duk masu zuwa a cire wa dawakinsu takalmi kafin shiga gona.

Bai yi sallama ba.

“Wa ya buga?”

Birama ya ajiye ƙafar da ke hannunsa ya miƙe a hankali. Ya taɓa kofaton kili, zafi rau kamar tukunyar da aka sauke yanzu.

“Na ce wa ya buga ƙusar nan? Ga hadari can. In ruwa ya sauka yau, jibi ƙasa ta sha iska. Da me zan shuka gyaɗa, da haƙorana? Mutum goma sha huɗu ke ci a gonar nan, Birama, har da uwarka.”

Kowa ya san mai bugawa a rumfar nan, shi ya sa duk idanu suka juya kan tsohon. Pa Masamba na zaune a kan kututturensa, awartaki a hannu, farin idon nan ya kalli wani wuri da babu kowa. In aka ce yau hannunsa ya gurgunta doki, aka haɗa da maganar ido da Demba ke yawo da ita cikin wasa, to an rufe rumfa ke nan. Shekara hamsin na suna su tafi da rana ɗaya. Kuma in an rufe rumfa, wa zai miƙa wa Birama guduma? Ga kuma abin da ya faɗa da bakinsa a gaban akushin nama.

“Ni ne, Kawu,” ya ce. “Baba ya shiga salla, na ɗauki guduma ban tambaye shi ba.”

Wurin ya ɓarke.

“A'a! Satar guduma?”

“Ɗan kokawa ai sai kokawa. Ya ɗauka kofato wuyan mutum ne.”

“Ni dai kada ya ƙara taɓa ƙafar dokina, ko riƙo ne.”

Demba na tsaye jikin dogon yaro. Ya buɗe baki, ya dubi Birama, ya dubi tsohon. Ya mai da bakin ya rufe. Tunda aka san Demba ba a taɓa ganin haka ba.

Pa Masamba bai ce ƙarya ne ba, bai ce gaskiya ne ba. Ya ce, “Ɗauko ƙafar.”

Suka cire takalmin ƙusa ɗaya-ɗaya. Ta ukun ta fito a jiƙe, baƙi ƙirin, da wari. Tsohon ya sa bakin wuƙa a ramin ya ɗan faɗaɗa, mugunya ta tsarto ta zubo a cinyar Birama. Kili ya sauke wani dogon numfashi, ya jingina dukkan nauyinsa a kan mai riƙonsa. Aka dafa ruwa da gishiri aka tsoma ƙafar a bokiti, aka naɗe da tsumma da yankin buhu.

“Kwana goma sha biyu,” in ji tsohon. “Kada ya taka laka. A bar shi nan.”

“Kwana goma sha biyu,” Kawu Latir ya maimaita, ba ga kowa ba. Ɗigon farko ya faɗo a kan kwanon rumfa.

A gida Arame ta ajiye masa shinkafa da kifi, ta zauna gefe tana kallonsa yana tsakura.

“Kai ka buga?”

“Na ce ni ne.”

“Ba abin da ka ce na tambaye ka ba. Ni ce na sha warin matattun ƙafafu shekara biyu, na san inda ƙusarka ta tsaya. Da ka taɓa buga wa mai rai, da ranar ba mu yi barci a gidan nan ba don labari.”

Ya ture kwanon gefe.

“Ka ɗauki doki, ka ɗauki tsoho, yanzu ka ɗauki laifinsa. Ni da yaran nan fa, a ina za mu hau? Baya ɗaya ne da kai, mai gida, shi ɗin ma rabi ya rage.”

“Na ji motsin, Arame. A nan.” Ya dafa cinyarsa. “Na ji, ban ce komai ba. To wa ya buga?”

Ta tashi ta ɗauko man kaɗe ta ce ya kwanta rub da ciki.

Da asuba ya kama hanyar ƙauye. An yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ƙasa ta jiƙu har kamu guda, ko'ina ka duba doki ne da mutum a bayansa suna tsaga layi. Ranar ruwan shuka babu mai ba da aron dabba, ko uwa ɗaya uba ɗaya kuke. Wanda ya fi kirki cewa zai yi, bari in gama tawa. Ya tarar da Kawu Latir da 'ya'yansa a bakin gona da injin shuka a ajiye, mata sun fara bin ƙasa da hannu suna binne gyaɗa ɗaya-ɗaya, aikin da ko wata guda ba zai ƙare ba.

Bai yi doguwar gaisuwa ba. Ya tuɓe riga, ya naɗe buhu a ƙirji, ya zura igiyar kili ta kafaɗunsa.

“Kama, Kawu.”

“Kai, kada ka mai da mu abin kallo.”

“An riga an kalla. Kama.”

Injin shuka ba nauyi ne da shi ba, a layin farko. A layi na ashirin sai ka ji kamar gonar ce gaba ɗaya aka ɗaura maka. Ƙafa na nutsewa a jiƙaƙƙen yashi, igiya na cin fata, injin na ƙas-ƙas-ƙas a baya yana zubar da iri. Masu wucewa suka tsaya. Wata tsohuwa da ta taɓa yi masa guɗa a filin kokawa ta rufe baki da gyale ta wuce. Babban ɗan kawun ya karɓe shi, ya yi layi huɗu ya zube. Birama ya mai da igiya.

Kwana biyu suka yi haka. Ranar ta uku wani maƙwabci ya gama tasa ya aiko da jaki, amma ƙasa ta fara bushewa a sama. Abin da aka shuka a kan lokaci bai kai rabin gona ba, sauran sai jiran wani ruwan, kuma kowa ya san gyaɗar da ta makara ba ta cika buhu.

Da zai tafi, Kawu Latir ya rako shi har bakin hanya. Ya miƙa masa butar ruwa, ya tsaya yana kallon inda igiya ta saɓule masa fata.

“Ka ja, na gani,” ya ce. “Ba zan ce ban gani ba. Amma da kaka in rumbu bai cika ba, shi ma zan gani. Ka bar wa maƙera aikinsu, ɗan nan. Ba a haife ka da shi ba.”

“To, Kawu.”

Kwana uku ya yi a kwance bai iya juyawa ba. Na huɗu ya tashi ya tafi rumfa yana tafiya kamar mai neman abin da ya yar. Ya wuce ta gaban mai harawa, wannan karon ya tsaya ya gaishe shi.

Rumfa babu kowa sai tsohon. Dawakin gari sun koma gona, 'yan kaɗan da suka rage kuma sun ji labari, sun koma wurin wani maƙeri a bayan tashar jirgi. Kili na ɗaure a gefe, ya fara sauke ƙafar. Tsohon ne ya yi ta canja masa ruwan gishiri safe da yamma da hannunsa, shi da ko bokiti ba ya ɗauka. Suka gaisa, ya gida, ya jiki, ya ruwa. Ba a ce na gode ba, ba a ce yi haƙuri ba. Birama ya zauna ya kama zuga, ko da yake babu abin da za a ƙera.

Wajen hantsi sai ga Demba yana jan goɗiyarsa, wata ja mai haƙarƙari a waje, da masu keke biyu a bayansa sun biyo don kallo.

“Ina bawan nan nawa? An ce ka zama doki a ƙauye. Da ka faɗa mini ai da na sayar da wannan na ɗaura maka keke, ka fi ta ƙiba.”

“Demba, yau ba ni da bakinka.”

“Ba bakina na kawo ba, ƙafa na kawo. Takalmin dama ya faɗi tun jiya.” Ya juya wajen tsohon, ya ɗan rage murya. “Pa, ga ta nan. Duk wanda zai buga a cikinku, ni dai ban ga komai ba. Ni ma idon nan nawa ya fara ba ni wahala.”

Pa Masamba ya murza kafaɗarsa ta dama, ya yamutsa fuska.

“Sanyin damina ya kama mini kafaɗa,” ya ce. “Ba ta ɗaga guduma yau.”

Ya tura akwatin ƙusa da ƙafa, ya tsaya gaban Birama. Ya cire hula ya ajiye a kan kututture, ya tattare babbar riga ya cusa a wando. Ya je ya shafa wuyan goɗiyar, ya bi ƙafar da hannu, ya duƙa da ƙyar, gwiwoyinsa na ƙara, ya ɗora kofato a cinyarsa. Rabonsa da wannan duƙawar tun yana saurayi a gaban ubansa.

Ɗaya daga masu kallon ya ce, “Demba, ka haukace? Shi ne fa ya gurgunta kilin nan.”

“In ya gurgunta ta na sayar da shi na sayi wata. Kayana ne.”

Birama ya fere, ya gwada ƙarfe, ya koma wuta ya ƙara buɗe shi kaɗan, ya sake gwadawa. Ya ɗauki gudumar tsohon. Damina huɗu yana kallonta, ashe ba ta kai nauyin ludayi ba. Ya duba gefen ƙusa, ya ɗora a kan farin zare, ya buga. Ƙwas. Ƙwas. Ta ɓullo inda ya kamata. Ya lanƙwashe bakinta da sauri kada ta yagi hannun tsohon. Ya ɗauki ta biyu, ya ɗora, ya buga sau ɗaya.

“Tsaya!”

Muryar ta cika rumfa, har kili ya ɗago kai.

“Ta motsa. Zare ta. Ka shige ciki da yawa, kai makaho ne?”

Birama ya sa awartaki ya zare. Bakin ƙusar a bushe, babu jini. Masu kallo suka yi dariya, Demba ya fi kowa. Shi ke nan. Rumfa ba ta faɗi ba, babu wanda ya mutu, goɗiya na kaɗa wutsiya tana korar ƙuda. Ya tsaya da lanƙwasasshiyar ƙusa a tafin hannu yana kallonta. Kalma ɗaya ce ashe, ko numfashi guda ba ta ci ba. Ya tuna rabin gonar da ke can tana jiran ruwa.

“Me kake kallo?” in ji tsohon daga ƙasa. Gumi na ɗiga daga gemunsa. “Ɗauki wata. Saura biyar, kuma 'yar banzar nan ta jingina da ni.”

Birama ya jefa ƙusar a gwangwani, ya dafa bayansa da hannu ɗaya, ya duƙa ya ɗauki sabuwa.